Wanda Zai Riƙe Makullin Shagona

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, wanda duk layin tashar mota ke kira Baba Mai Takalmi. Da hannuna nake wannan rubutu, hankalina garau, babu zazzaɓi, babu kuma wanda ya tsaya a kaina yana gaya mini abin da zan sa. Ƙirjin ne kawai ya gaji. Likita ya yi ta kewaye-kewaye yana juya takarda, bai san shekara arba'in na yi ina gaya wa mutane takalminsu ya wuce gyara ba. Na san irin fuskar da ake yi in za a faɗi wannan magana. Alhamdu lillahi, ba ni da ƙorafi. Na ci, na sha, na aurar, na ga jikoki, kuma ba a taɓa kawo ƙarata ba a kan ɗinkin da ya warware.

Wannan takarda taku ce ku uku, Babba da Malama da Dogo, sai mahaifiyarku, wadda ta san rabin abin da ke ciki, rabin kuma zai zo mata sabo.

Rabon gado ba aikina ba ne, Allah ya riga ya yi shi. A kira masu ilimi su raba, kowa ya karɓi nasa ya yi shiru. Abin da ya hana ni barci shi ne makullin shago, da wanda zai zauna a kujerata bayan ba ni. Babba, na ji ka rantse a gaban mahaifiyarku cewa muddin kana numfashi ƙaninka ba zai zauna a wurin ba. Ka ɗauka barci nake. Ka karanta har ƙarshe kafin ka ƙara wata rantsuwar.

Na ɗaya. Ƙananan kayana na riga na bayar tun ina da rai, kada a sa su cikin rabo. Agogona na Babba ne. Yana gudu da minti biyar, kada ka gyara shi, ko Allah zai sa ka fara zuwa wuri a kan lokaci. Rediyo da tabarau na mahaifiyarku ne, tunda shekara goma ke nan tana aron tabaran tana cewa idonta lafiya lau. Malama, ki ɗauki akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Takardunku na makaranta ne a ciki tun daga aji ɗaya, har da wadda kika ɓoye mini ta faɗuwa a lissafi. Na tsince ta a bayan kabad tun wancan lokacin, na yi kamar ban gani ba.

Na biyu. Kada a sayar da shagon muddin mahaifiyarku na da rai, kuma ko wa zai zauna a ciki, kada a toshe gabansa. Babba, na san mai sayar da wayoyi ya zo maka sau biyu, yana so ya sa gilashi da ƙofar da ke rufe kanta, ya ɗauke bencin baƙi. Ban yarda ba. Bencin nan da jarkar ruwa da kofi su zauna inda suke, ƙofa kuma a wangale daga safe har a tashi.

Ga dalili, tunda kun girma kuna gani amma ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayani ba. Mai gyaran takalmi a ƙasa yake zama, kansa a sunkuye. Abin da yake gani na mutane ƙafa ce. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a duk layin nan babu mai karanta ƙafa kamar ni. Na san tafiyar wanda ya makara, na san ta wanda aka kora daga aiki bai gaya wa gida ba. Na kuma san tafiyar macen da ake bi. Takunta gajere ne, da sauri, tana manne wa bango, ta tsallaka titi ba dalili, ta sake tsallakowa. Sai ka duba bayanta da taku biyar ko shida, za ka ga wata ƙafar da ba ta da wurin zuwa, in ta tsaya ya tsaya, in ta ƙara sauri ya ƙara. Ba sai na ɗaga kai ba na san abin da bakinsa ke faɗa.

In na ga haka, sai in miƙa hannu kan kantar kaya ta sama, in ɗauko baƙin takalmin matan nan da kuka sani, in ɗaga murya cikin mita irin ta mai sana'ar da aka bar wa kaya: "Hajiya! Sai yau? An gama takalminki tun makon jiya!" Ba na kallon namijin ko sau ɗaya. Mace ba ta da wauta, goma za ka kira tara su gane nan take su shigo. In ta zauna a benci, ina juya takalmin a hannu kamar muna maganar dunduniya, sai in tambaye ta ƙasa-ƙasa ko tare suke, ko tana so ta huta, ko a kira mata wani, ko a raka ta bakin mota. Abin da ta ce shi ake yi. In ta ce babu komai ta tashi, sai in ce ta sauka lafiya.

In kuwa ba ta gane ba ta wuce, to saura shi gogan. Sai in tare shi da fara'a in ce takalminsa ya buɗe baki, ya kawo in duba masa kyauta. Kafin ya ce wani abu na durƙusa na zare masa guda. Wallahi na tsayar da ƙato a kan ƙafa ɗaya kamar zakara a ruwan sama, ina ƙwanƙwasa ƙusar da ba ta da laifi, har matar ta hau mota ta tafi. Wasu ma sun yi mini godiya.

Na uku. Takalmin nan kada a jefar, kada a bayar. Yana da mai shi, kuma ita nake bi da neman gafara shekara talatin da ɗaya.

Wata ce mai aiki a kantin magani na ƙarshen layi. Kullum da safe sai ta wuce, ta gaishe ni a ladabce. Akwai wasu zauna-gari-banza guda uku da ke tsayawa jikin turken fitila, kullum sai sun yi mata fito, sun bi ta da maganar da ba ta faɗuwa. Wata biyu cur ina ji ina ɗinkina, ina cewa babu ruwana, ba 'yata ba ce, ba ƙanwata ba ce. Ina rubuta wannan ne don ku san mahaifinku ba da jarumta aka haife shi ba. Ranar da ɗayansu ya fizgi jakarta, sai raina ya ɓaci gaba ɗaya, na miƙe da guduma a hannu ina ihu. Kafin ka ce me, mutum ya fi hamsin sun kewaye mu. Ni kuma baki ya buɗe, ina nuna ta da yatsa ina maimaita wa jama'a duk abin da suke ce mata, kalma bayan kalma, wai ni mai kafa hujja.

Su ukun suka sulale ta cikin taro, ba wanda ya tare su. Ido ya koma kanta. Wani ya ce ai da ma ta san su. Wani ya tsaya yana duba irin shigarta. Tana tsaye ta rufe fuska da hannu, ni ina ta huci ina jiran a yaba mini. Na dawo gida ƙirji a buɗe na ba mahaifiyarku labari, har ina kwatanta yadda na ɗaga gudumar. Ta bari na gama tsaf, sannan ta tambaye ni ita matar me ta ce tana so. Ashe ko kallonta ban yi ba.

Ba ta sake bi ta layin ba. Daga baya mai kantin ya gaya mini ta bar aikin, don labari ya kai gidansu cewa an tara mata jama'a a tasha. Kwana biyu kafin abin ta kawo mini wannan takalmi in sa masa dunduniya. Na sa, na goge, ba ta zo ba. Na yi cigiya har na gaji. Sai bayan shekara guda, ranar da na ga wata ana binta, hannuna ya kai kan takalmin, dabarar ta zo mini.

Don haka ku ji, ku kuma gaya wa 'ya'yanku maza. In kun ga ana takura wa mace a hanya, kada ku ce babu ruwanku, kada kuma ku mayar da abin dandalin nuna ƙarfinku. Ku nema mata hanyar fita, ku tambaye ta, ku rufa mata asiri. Amma ku bambance. In kun ga ana jan ta zuwa mota, ko an fito da makami, ko an kai mata hannu da duka, wannan ba ranar dabara ba ce. Ku yi ihu, ku kira mutane da sunansu ɗaya-ɗaya don kada kowa ya jira kowa, ku kira 'yan sanda, ku tsaya har su zo ku ba da shaida.

Na huɗu. Mai aski na dama da tela na hagu, ku riƙe su kamar baffanninku. Da farko dariya suke mini, mai aski har ya sa mini suna Limamin Mata. Yanzu shi ne in ya hango ta madubinsa yake leƙowa ya kira namijin ya ce layinsa ya zo, tela kuma ya koyi fitowa da tef ɗin awo a wuya yana cewa an gama ɗinki. Mu uku mun mayar da layin nan wurin da mace za ta tsaya jiran mota ta ci gyaɗarta hankali kwance. Na ji da kunnena wata tana gaya wa ƙawarta a waya ta sauka a wajen mai takalmi, nan ba a iskanci. Ba a taɓa ba ni lambar yabo ba, amma ranar sai da na sayi nama na kai gida.

Kada ku ji tsoron kuskure, za ku yi shi. Na taɓa kiran wata, ashe mijinta ne a baya, sun yi faɗa ne tana fushi tana gaba yana lallashi. Ya tsaya yana tambayarta yaushe ta fara kawo takalmi gyara bai sani ba. Na sha zagi daga bakin su biyun, suka tafi tare suna zagina, wato dai na shirya su. Wata kuma ta ce mini tsohon banza, ita ta iya da kanta, kuma da gaskiyarta, don juyawa ta yi ta wanke mutumin tas har ya nemi hanya. Kunyar minti biyar ce, kafin la'asar ta wuce.

Na biyar. Yanzu maganar Dogo. Ku daure, ni ma daurewa nake.

Shekara shida ke nan. Da yamma ne, lokacin tashi daga aiki, titi cike. Na ga ƙafar mace cikin shuɗin takalmi, ta tsallaka, ta sake tsallakowa. Na duba bayanta. Takalmi ne ruwan ƙasa, an yi masa ɗinki biyu a baki da zare ruwan ɗorawa. Na gane shi nan take, don baƙin zare ne ya ƙare mini a makon, na ce wa mai takalmin ya yi haƙuri da wannan, ai ba wanda zai lura. Ɗinkina ne. Na ji muryar da na sani tun tana kuka a zani tana faɗa wa 'yar mutane abin da waɗancan ukun suke faɗa.

Na ɗauko baƙin takalmin na yi kira kamar kullum. Ta shigo. Sannan na ɗaga kai. Dogo, kana tsaye jikin turken fitilar nan, ka yi tsuru-tsuru. Ashe biyo ta ka yi tun daga nesa, idonka ya rufe har ba ka lura layin da ta shigo da kai ba. Ita kuwa da gangan ta biyo, an gaya mata akwai wani tsoho a nan.

Ta zauna a benci. Na ba ta ruwa, rabi ya zube mata a jiki saboda rawar hannu. Ta ce kwana huɗu ke nan, ta sauya hanya, ta sauya lokacin tashi, har ta fara tunanin ajiye aikin. Na raka ta har cikin mota. Da za ta hau ta juyo ta ce Allah ya yi wa 'ya'yana albarka, ya sa su gaje ni. Ban iya cewa amin ba, kai kawai na gyaɗa.

Abin da ya biyo baya kun sani, kuna wurin. Na tara gidan kaf, har da matar Babba, na tsayar da shi a tsakiya na zayyana komai. Babba ya kwaɗa masa mari. Malama ta ce daga yau ba ta da ƙani. Da gari ya waye ɗakinsa babu kowa.

Ku fahimce ni da kyau. Laifin Dogo laifi ne, ba na rage masa ko ƙwaya. Ba yaro ba ne a lokacin, shekararsa ashirin da huɗu, kuma abin da ya sa wa matar nan a zuciya ba wasa ba ne. Amma ni ma na san nawa. Tara jama'ar nan da na yi rantsuwa na daina, ita na sake yi a cikin gidana. Kuma na koya wa mai aski, na koya wa tela, na koya wa duk wanda ya zauna a bencina, amma ban taɓa zaunar da 'ya'yana maza na yi musu maganar nan baki da baki ba. Na ɗauka gani ya isa. Da na kira shi mu biyu, na tambaye shi a ina ya kwaso wannan hali, na nuna masa yadda kofin nan ya yi ta rawa a hannunta, da wataƙila ya gyaru yana cikin gida.

Na shida. Ga abin da ba wanda ya sani, har mahaifiyarku.

Na san tana waya da shi a ɓoye, ba tun yau ba. In ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta kunna famfo, ai ba wanke-wanke take ba. Daga bakinta ya suɓuce cewa yana tuƙa babbar motar haya mai bi ta asibiti. Da ciwon nan ya kama ni aka ce in riƙa sa takunkumi a fuska, sai na ga dama ta samu. Na daina bari Babba ya kai ni ganin likita, na ce ina son motsa ƙafa. Sai in tsaya a tasha in bar mota uku, huɗu su wuce har tasa ta zo, in ja hula, in shiga ta ƙofar baya in lafe a kujerar ƙarshe. Sau tara na hau. Ba zan ɓoye ba, da farko leƙen asiri na je yi, in ga ko halin na nan. Dogo, birkinka da ƙarfi, ka rage, akwai tsofaffi a baya.

A hawa na bakwai ne. Mota ta cika, mutane a tsaye. Wata mata na riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da takardu. Bayanta wani ne cikin farar riga mai guga, kamilin mutum in ka gan shi. Na duba ƙasa. Ta matsar da ƙafa, tasa ta bi. Ta sake matsawa har ta taka wani, tasa ta bi. Duk birki sai ya faɗa jikinta, alhali akwai fili a bayansa. Mutum arba'in a motar nan, waɗanda suka gani suka mayar da ido kan waya.

Na yunƙura zan tashi, ƙirji ya ce bai san zance ba. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Ban taɓa jin na tsufa ba sai ranar.

Sai na ji mota ta rage gudu, ta gangara gefe inda ba tasha ba. Dogo bai ko juyo ba, idonsa na kan madubi. Ya ɗaga murya cikin ladabi ya ce, "Yallaɓai mai farar riga, don Allah a taimaka mini. Ƙofar gaban nan tana buɗe kanta, ina son mai ƙarfi ya riƙe mini ita." Duk mota ta juya tana kallon mai farar riga. Ya zai yi? Ya ratso ya zo ya kama ƙofa. Tasha shida bawan Allah yana riƙe da ƙofar da lafiyarta ƙalau, har gumi yake, wata tsohuwa a gaba tana sa masa albarka. Matar kuwa ba wanda ya kalle ta. Ta samu wuri ta zauna, ta gyara takardunta.

Da ta zo sauka ta ƙofar baya, sai gogan ya ce shi ma nan zai sauka. Dogo ya taɓa wani abu ya ce ai ga shi yanzu kuma ƙofar ta maƙale, ya ja mota. Bai sauke shi ba sai tasha ta gaba, can bayan gada. Kafin ya buɗe ya sunkuya ya gaya masa wata magana a kunne. Ban ji ba, amma na ga mutumin ya sauka bai waiwayo ba, yana tafiya kamar an zare masa laka.

Da zan sauka na tambayi kwandasta, wani dattijo mai furfura, ko ba za a gyara ƙofar nan ba. Ya yi dariya ya ce sau biyu, sau uku take lalacewa a mako, a hannun wannan direban kawai, bakanike ya duba har ya gaji bai ga komai ba.

Na zauna a bakin asibiti na yi kuka, takunkumin ya jiƙe sharkaf, har wata ma'aikaciya ta ɗauka mummunan sakamako aka ba ni. Kukan alfahari ne. Ni shekara talatin ban taɓa tunanin abin da zai faru bayan mace ta bar bencina ta sauka a wani wuri ba. Shi ya yi tunanin saukar. Ba kuma dabarata ya ara ba, tasa ya ƙirƙiro, da kayan aikinsa, ba tare da ya san akwai mai kallo ba. Ina faɗa da babbar murya, a rubuce, kowa ya ji: ɗana ya fi ni.

Sauran hawa biyun ban je duba komai ba. Ƙeyarsa kawai na je kallo.

Na bakwai. Makullin shago na Dogo ne. Cikinku shi kaɗai ya iya riƙe basilla, Babba kuwa in ya buga ƙusa sai an nemi magani. Dogo, ban tilasta maka barin mota ba, na ga can ma ana bukatarka. In ka zauna da kanka, madalla. In za ka sa wani, kai za ka zaɓa, kai za ka koya masa.

Babba, da hannunka za ka miƙa masa. Na san fushinka daga ina yake. Kana da 'ya'ya mata uku, kullum sai ka tsaya a ƙofa har sun sha kwana. Ina alfahari da wannan zafin naka, nawa ne ka ɗauko. Amma rantsuwar nan ka karya ta, ka yi kaffara, Allah ya bar mana wannan ƙofa don irin haka. Marin da ka yi masa ni na jawo, ka bar mini shi.

Malama, ke ba zan ce ki yafe don na mutu ba. Kin taɓa gaya mini maza kan yafe wa junansu laifin da mata aka yi wa, su tashi su ci abinci. Na ji zafin maganar. Ki ɗauki lokacinki. Abin da nake roƙo, in ya yi sallama ki amsa, ki saurare shi sau ɗaya, sannan ki yanke da kanki.

Dogo, wannan ma daga bakin mahaifiyarka ya suɓuce, cewa kana so ka nemo matar nan mai shuɗin takalmi ka roƙe ta gafara. Kada ka neme ta. In ta buɗe ƙofa ta gan ka, abin da za ta fara ji shi ne ka gano gidanta. Haƙƙinta na wuyanka, ka riƙe shi, ka roƙi Allah ya ba ta kwanciyar hankalin da ka ɗauke mata. In ya nufa ku haɗu, shi ya san yadda zai yi.

Na yi niyya in naɗe takardar nan in sa a ƙarƙashin matashi, a karanta bayan an dawo daga binne ni. Da na sake dubawa sai kunya ta kama ni. Ina ta gaya wa maza kada su zauna suna kallo, ga ni na zauna sau tara a bayan ɗana, tsakanina da shi kujera goma, na kasa cewa ko sannu. Yanzu kuma ina so in ɓuya bayan mutuwa in bar muku aikin. A'a, ban yarda wa kaina ba.

Malama, ke ce mai karatu. Gobe da safe ki tara su ki karanta, ina kwance ina ji. Babba, in an gama ka ɗauki mota ka je tashar asibiti, ka jira tasa. Kada ka aika, kada ka buga waya. Ka ce masa babansa na kira.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da na bayansu. Ya tsare muku mutunci, ya sa a ji daɗin zama kusa da ku a gida da kan hanya. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada wani ya sake shekara bai san inda ɗan'uwansa ke kwana ba. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini.

Likita ya ce makonni, ni na ce Allah ya fi shi sani. Amma Dogo, kada ka tsaya neman kalmar da za ka faɗa, ba na bukatar ko ɗaya. Ka zo kawai, ka yi sauri. Na sa an juya mini gado yana kallon ƙofa.

Mahaifinku.